Ƙofar da Ba a Bi ta Cikinta: Dalilin da Ya Sa Masana Tsaro ke Cewa a Kashe Wasu Sassan Burauza

Duk wanda ya saba shiga shagunan buga takardu da ke kewaye da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, ko waɗanda ke jere a kan titin Ahmadu Bello, ya san irin kwamfutar da za a zaunar da shi a gabanta. Yawanci tsohuwa ce, 'yar gwanjo, wadda ta yi aiki a wani ofis na Turai kafin ta tsallako teku, kuma da yawa daga cikinsu har yau Windows 7 ce a kansu. Idan mutum ya duba can ƙasan allon, kusa da agogo, sau da yawa zai ga wata 'yar alama mai siffar kofin shayi da tururi na tashi, tana ta neman a sabunta ta ba wanda ya kula. Wannan alamar ta Java ce. Na taɓa tambayar wani mai shago ko me yake yi da ita, sai ya ce, "Wallahi, malam, haka na saye ta, kuma tunda ba ta hana ni aiki ba ban taɓa ta ba." A kan wannan kwamfutar kuwa ɗalibai ke buɗe imel ɗinsu, su cike takardun makaranta, su biya kuɗi da katin banki.

Amsar mai shagon ita ce ainihin matsalar. Mafi yawan mutane suna auna manhaja da tambaya guda: shin tana hana ni aiki? Masana tsaron intanet kuwa da wata tambayar suke auna ta: shin wani daga waje zai iya bi ta cikinta ya shigo? Abin da ba ka amfani da shi ba ya ƙara maka komai, amma yana nan a buɗe ga wanda ya san hanyarsa, kuma wannan ne ya sa tun fiye da shekara goma ake ta maimaita shawarar cewa a kashe ko a cire sassan burauza da ba a buƙata.

Domin fahimtar abin, dole a fara da yadda burauza take. Burauza, wato Chrome ko Firefox ko Edge ko Opera, ita ce manhajar da aikinta kullum shi ne karɓar baƙi. Duk shafin da aka buɗe yana turo rubutu da hotuna da umarni daga wata na'urar da mai kwamfuta bai sani ba, burauza kuma ta karɓa ta aiwatar. A tsarin gidan Bahaushe, zaure ke nan: baƙo ya zauna a nan, a gaisa, a ba shi ruwa, amma ba ya wuce shi zuwa tsakar gida. Masu ƙera burauza sun kashe shekaru suna ƙarfafa katangar da ke tsakanin zauren nan da sauran kwamfuta, ta yadda ko da shafi ya zo da mugun nufi ba zai kai ga fayilolin mai gida ba.

A tsakiyar shekarun 1990 burauza ba ta iya abin kirki ba. Ba ta nuna bidiyo, ba ta kunna sauti yadda ya kamata, ba ta gudanar da wasanni. Sai kamfanin Netscape, mai ƙera burauza, ya fito da wata hanya a 1995, wadda ake kira NPAPI, da ke bai wa wasu kamfanoni damar rubuta tasu manhajar su jona ta da burauza. Irin wannan manhajar ita ake ce wa fulogin. A shekarar ce kuma kamfanin Sun Microsystems ya fito da Java, wadda daga baya ta samu nata fulogin mai gudanar da ƙananan shirye-shirye a cikin shafi. A 1996 Microsoft ya kawo nasa tsarin mai suna ActiveX domin burauzarsa Internet Explorer. Flash kuma, wanda daga baya ya koma hannun Adobe a 2005, shi ya zama hanyar kallon bidiyo da buga wasanni a intanet na tsawon shekaru. Waɗanda suka yi zamanin kafe-kafe na farko a Kaduna, lokacin da ake sayen awa guda a takarda, za su tuna saƙon da ke cewa sai an saka Flash kafin bidiyo ya buɗe.

Inda gizo ke saƙar shi ne, fulogin ba ya zama a zaure. Manhaja ce cikakkiya mai iko daidai da na mai kwamfutar, tana iya karanta fayil, ta rubuta fayil, ta kira wasu manhajoji, amma kuma a wancan zamanin kowane shafin intanet yana iya tashinta ba tare da neman izini ba. Wato an fasa wata ƙofa daga titi kai tsaye zuwa tsakar gida, aka sa mata mai gadi nata na daban. Java tana da nata shingen da ya kamata ya killace shirye-shiryen da suka zo daga intanet, sai dai shingen yana da sassa masu ɗimbin yawa, kuma kuskure guda a sashe guda ya isa ya ba ɗan shirin damar cire wa kansa takunkumi. ActiveX kuwa tun asali ba shi da irin wannan shingen. Ya dogara ne ga sa hannun wanda ya rubuta shi da kuma amincewar mai amfani, alhali mai amfani ya saba danna "na yarda" ga duk abin da ya tsaya tsakaninsa da abin da yake son gani.

Akwai wani dalili na biyu da ya sa masu kutse suka ƙaunaci fulogin, kuma dalili ne na kasuwanci. Mutane suna amfani da burauza iri-iri a kan kwamfutoci iri-iri, saboda haka wanda ya gano kafa a burauza guda, wani kaso na jama'a kawai zai kama. Amma Java ɗaya ce ko a Firefox ko a Internet Explorer, ko a Windows ko a Mac, kwamfutar kamfanin Apple, haka ma Flash. Mabuɗi guda yana buɗe miliyoyin gidaje. Har aka samu masu haɗa irin waɗannan mabuɗai cikin kunshi guda suna bayar da shi haya ga ɓarayi, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira Blackhole, wanda hukumomin Rasha suka kama mai shi a 2013. Yadda kunshin ke aiki abin lura ne. Ana dasa wani ɗan umarni a shafin da aka yi wa kutse, ko a cikin tallan da ke fitowa a gefen shafi mai mutunci. Da zarar mutum ya buɗe shafin, umarnin zai duba a ɓoye ya ga wane fulogin ke kan kwamfutar da kuma wane zubi ne, wato tsohon fitowa ne ko sabo, ya zaɓi mabuɗin da ya dace, ya shiga ya sauke muguwar manhaja. Mai kwamfutar bai danna komai ba, bai sauke komai ba, labarai kawai yake karantawa.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ya rushe tunanin da mutane da yawa a nan ke da shi cewa sai mai shiga shafukan banza ne ke ɗaukar cutar kwamfuta. A watan Fabrairun 2013 kamfanonin Facebook da Apple da Microsoft suka bayyana cewa an shiga kwamfutocin wasu ma'aikatansu, kuma bincike ya nuna cewa ta fulogin ɗin Java aka bi, bayan ma'aikatan sun ziyarci wani shafi na masu ƙera manhajojin waya wanda aka riga aka sa masa tarko. Waɗannan injiniyoyi ne da suka san sana'arsu, suna kan aikinsu, a shafin da ya shafi aikinsu. Mafarauci ne ya san inda namun daji ke shan ruwa, ya je can ya laɓe.

Mai karatu zai iya cewa, to ai maganin abin shi ne a riƙa sabunta manhajar, me zai sa a kashe ta? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin lissafin lokaci. Tsakanin ranar da masu kutse suka gano kafa da ranar da kamfani ya fitar da faci akwai tazara, kuma tsakanin ranar da facin ya fito da ranar da ya isa kwamfutar mutum akwai wata tazarar. A tazara ta farko babu abin da mai kwamfuta zai yi, ko da shi ne mafi himmar sabuntawa a duniya, domin maganin bai wanzu ba tukuna. Tazara ta biyu kuma tana iya zama mafi haɗari, domin fitowar faci kanta sanarwa ce ga ɓarayi: suna kwatanta tsohon zubi da sabo, su gane inda aka toshe, su tafi neman waɗanda ba su toshe ba. Abin da ya faru a 2012 misali ne. Oracle, wanda ya sayi Sun a 2010 ya gaji Java, ya toshe wata kafa a watan Fabrairu, amma Apple, wanda a lokacin shi ke rarraba Java ga kwamfutocin Mac, bai fitar da nasa facin ba sai Afrilu. A cikin wannan tazarar wata muguwar manhaja mai suna Flashback ta kama kwamfutocin Mac kimanin 600,000, a daidai lokacin da masu Mac ke alfahari da cewa cuta ba ta kama su.

A watan Janairun 2013 abin ya kai ga Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka ta fito fili ta shawarci jama'a su kashe Java a burauzarsu, bayan an gano wata sabuwar kafa a Java 7 wadda tuni ɓarayi suka sa ta a kunshinsu. Oracle ya yi hanzarin fitar da faci cikin 'yan kwanaki, amma masu ba da shawarar ba su janye ba. Suka ce ko bayan an sabunta, duk wanda ba lallai ne ya yi amfani da Java a burauza ba ya bar ta a kashe. A ganina wannan ne lokacin da tunanin ya sauya. Kafin nan ana ɗaukar kowace kafa a matsayin tsautsayi guda da za a gyara a wuce. Daga nan aka fara yarda cewa taya da aka yi wa faci sau talatin ba facin talatin da ɗaya take buƙata ba. Kashe fulogin yana toshe kafar da aka sani da wadda ba a gano ba tukuna, har da wadda za a gano shekara mai zuwa, kuma ba ya buƙatar data ko wuta ko jiran kowa. A garin da mai shago ke lissafin kowane megabait da kowace litar man janareta, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

A nan ya kamata a warware wani ruɗani da har wasu masu gyaran kwamfuta ke faɗawa ciki. Java daban, JavaScript daban. Sunan ne kawai ya yi kama, kuma kamannin ya samo asali ne daga dabarar talla ta 1995, lokacin da Netscape ya raɗa wa sabon yarensa suna mai kama da na Java da ke tashe. JavaScript a cikin burauza yake tun asali, kuma kusan kowane shafi na yau a kansa yake tsaye; wanda ya kashe shi gaba ɗaya zai tarar da shafin banki da na imel da na rajistar jarrabawa duk sun daina aiki. Haka kuma kashe Java a burauza ba ya nufin yaren Java ya mutu ko yana da aibi. Har gobe bankuna da manyan kamfanoni suna gudanar da ayyukansu da shi a kan manyan na'urorinsu, ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Kaduna da sauran makarantu kuma suna iya koyonsa hankali kwance. Abin da aka yi wa hukunci shi ne ƙofar da ta haɗa Java da shafukan intanet.

Labarin Flash ya bi sawu ɗaya, sai dai ya fi jan lokaci saboda ya fi shiga rayuwar mutane. Tun a Afrilun 2010 Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya wallafa wata buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayyana dalilin da ya sa iPhone ba za ta ɗauki Flash ba, kuma tsaro na cikin dalilan da ya kawo. A Yulin 2015 aka yi wa wani kamfanin Italiya mai sayar wa gwamnatoci kayan leƙen asiri, Hacking Team, kutse, aka watsa takardunsa, sai ga kafofin Flash da ba a sani ba a ciki, kuma cikin 'yan kwanaki ɓarayi suka fara aiki da su. Mozilla, mai ƙera Firefox, ya toshe Flash a burauzarsa na ɗan lokaci. Daga nan masu burauza suka bi mataki-mataki. Da farko aka sa fulogin ba ya tashi sai mai amfani ya danna, daga baya aka kashe shi tun daga masana'anta, a ƙarshe aka cire hanyar gaba ɗaya. Chrome ya daina ɗaukar NPAPI a Satumbar 2015, Firefox ya bi a Maris na 2017 ya bar Flash kaɗai, Oracle da kansa ya sanar a 2016 cewa zai yi ritayar fulogin ɗin Java. Adobe ya sanar a 2017 cewa Flash zai ƙare a ranar 31 ga Disambar 2020, kuma daga 12 ga Janairun 2021 manhajar ta daina buɗe komai. Internet Explorer, gidan ActiveX, an yi masa ritaya a ranar 15 ga Yunin 2022.

Me ya sa abin da aka san haɗarinsa tun 2013 ya ɗauki kusan shekara goma kafin a binne shi? Domin kashe fulogin abu ne mai sauƙi ga wanda ba ya buƙatarsa, amma ga wanda aikinsa ya rataya a kansa tamkar a ce ya rufe shago ne. Koriya ta Kudu ta gina harkar banki da cinikin intanet ɗinta a kan ActiveX tun ƙarshen shekarun 1990, kuma ta daɗe tana fama kafin ta kwance kanta. Hukumar harajin Afirka ta Kudu ba ta gama sauya wasu fom-fom ɗinta daga Flash ba har ranar ta zo, sai ta fitar da tata burauzar ta musamman a Janairun 2021 mai ɗauke da Flash domin mutane su iya cike takardun haraji. An yi mata dariya, amma idan aka duba da kyau, abin da ta yi yana da ɗan hankali a ciki, domin burauzar an taƙaita ta ne ga shafukan hukumar. Wannan ita ce dabarar da ta rage wa duk wanda tilas ta kama: idan ba za a iya toshe ƙofar ba, a mayar da ita ƙofar ɗaki guda.

Yanzu mu dawo Kaduna, inda wannan tarihin bai zama tarihi ba tukuna. Wanda ke amfani da sabuwar burauza a sabuwar kwamfuta, masu ƙera ta sun riga sun yi masa aikin. Amma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, kuma Chrome na ƙarshe da ke aiki a kanta shi ne zubi na 109 wanda ya fito a farkon 2023. Kwamfutar da ke kan Windows 7 tana da Internet Explorer a cikinta, kuma idan an taɓa saka mata Java ko Flash suna nan daram. Ƙari a kan haka, masu gyara da yawa idan sun wanke kwamfuta suna zuba mata manhajoji daga wata filasha da suka haɗa tun shekaru da dama, kuma a cikin jerin akwai Java da Flash na wancan zamanin, domin a lokacin da aka haɗa filashar ba a ɗaukar kwamfuta ta cika sai da su. Ta haka ake dasa ƙofar 2014 a kwamfutar da aka wanke jiya.

Sai kuma na'urorin da ke tilasta wa mutane komawa tsohuwar hanya. Tsofaffin akwatunan kyamarorin tsaro, irin waɗanda ake sawa a kantuna da gidajen mai da makarantu, da yawansu ba sa nuna hoto a kwamfuta sai ta Internet Explorer tare da fulogin ɗin ActiveX da akwatin ke turowa. Mai haɗa kyamarar, domin ya gama aiki ya karɓi kuɗinsa, yakan sauke matakin tsaron burauzar zuwa ƙasa baki ɗaya ya ce ta amince da duk fulogin da ya zo ko ba sa hannu, ya tafi. Daga ranar, kwamfutar da aka saya domin gadin kanti ta zama ita ce mafi rauni a kantin, musamman idan a kanta ne yaron shago ke duba sakamakon ƙwallo. Abin da ya dace a irin wannan hali shi ne a ware. Izinin fulogin a ba shi ga adireshin akwatin kyamarar kaɗai, a bar sauran intanet a matakin tsaro mafi tsanani. Tsohuwar burauzar a tsare ta ga wannan aikin, duk wani yawo kuma a yi shi da wata. Wanda ke da sabuwar Windows yana iya amfani da yanayin Internet Explorer da ke cikin Edge, wanda ake buɗe wa shafuka ƙididdigaggu. Mai hali kuwa ya ware tsohuwar kwamfuta guda domin kyamarar, kada a buɗe imel a kanta, kada a shiga banki.

Ga wanda ba shi da irin wannan larurar, aikin na minti biyar ne. A shiga jerin manhajojin da ke kan kwamfuta, a cire Flash da 'yan uwansa tsofaffin fulogin Silverlight da Shockwave idan suna nan, domin babu ɗayansu da ke raye. Java ma a cire ta, sai fa in akwai wata manhajar ofis da ke dogara da ita, kuma a wannan halin, tun daga sabuntawa ta 10 ta Java 7 akwai wani ɗan akwati a sashen tsaro na saitunanta wanda cire masa alama ke raba ta da duk burauzar da ke kan kwamfutar. A kuma duba ko akwai tsofaffin zubi fiye da ɗaya, domin a da sabuwar Java ba ta cire tsohuwa da kanta. Wani abu da ya cancanci a faɗa wa kowa, har yara: duk shafin da ya ce a yau sai an sabunta Flash kafin a kalli fim ko wasa, ƙarya yake yi, kuma abin da zai sauke ba Flash ba ne. Sunan mamacin ake amfani da shi ana damfarar masu rai.

Kuskure ne a ɗauka cewa mutuwar fulogin ta rufe babin. Abin da ya gaje shi a yau shi ne ƙari, wato 'yan ƙananan manhajojin da ake ɗaukowa daga shagon Chrome ko na Firefox a maƙala wa burauza domin toshe talla, sauke bidiyo, fassara shafi ko samun VPN kyauta, wato hanyar ɓoye inda mutum yake shiga intanet. Ƙari ba shi da ikon fulogin a kan fayilolin kwamfuta, amma da yawa suna neman izinin karantawa da sauya duk abin da ke kan kowane shafi, kuma a zamanin da rayuwar mutum ta koma cikin burauza, wannan izinin ya haɗa da shafin banki da imel da WhatsApp na kwamfuta. Haɗarinsa na musamman shi ne yana sabunta kansa shiru, saboda haka ƙarin da yake da amana ranar da aka saka shi yana iya sauya hali idan ya sauya hannu. Haka ta faru da The Great Suspender, wanda mutane kimanin miliyan 2 ke amfani da shi domin rage wa Chrome cin ƙwaƙwalwa: mai shi ya sayar da shi ga wanda ba a sani ba a 2020, aka cusa masa abin da bai kamata ba, Google ya cire shi a Fabrairun 2021. A 2022 masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta McAfee suka gano wasu ƙari guda 5 da aka sauke sau kimanin miliyan 1.4 suna bibiyar shafukan da mutane ke shiga, kuma sashen tsaron intanet na Hukumar Sadarwa ta Najeriya ya gargaɗi 'yan ƙasa a kansu. Ma'aunin bai sauya ba: ƙarin da mutum bai tuna ranar da ya yi amfani da shi ba, ya cire shi, wanda yake buƙata a shafi guda, ya taƙaita masa izini ga wannan shafin.

Wannan tunanin har ya kai ga zuciyar burauzar kanta. Akwai wani sashe a injin JavaScript da ke mayar da umarnin shafi zuwa yaren na'ura nan take domin ƙara sauri, kuma saboda sarƙaƙiyarsa ya zama matattarar kurakurai masu yawa. Microsoft ya fara gwajin kashe shi a Edge a 2021, daga baya ya zama zaɓi a saitunan tsaro, Apple kuma ya sa kashe shi cikin yanayin kulle da ya fito da shi a 2022 domin 'yan jarida da masu fafutuka da sauran waɗanda ake farauta da kayan leƙen asiri. Abin da ake rasawa shi ne ɗan sauri a wasu shafuka. Ba kowa ke buƙatar wannan ba, amma ɗan jaridar da ke bin labaran rashin tsaro a jihar nan, ko ma'ajin ƙungiyar da ke riƙe da kuɗin jama'a, ya kamata ya san da shi.

Adalci ne a faɗi iyakar wannan dabarar, domin na ga masu ɗaukar ta a matsayin laya. Kashe fulogin ba ya hana mutum rubuta lambar sirrinsa a shafin bogi mai kama da na bankinsa, ba ya hana shi karanta wa mai kiran waya lambar da aka turo masa, kuma mafi yawan asarar da talakawa ke yi a nan ta waɗannan hanyoyin take zuwa. Ba ya kuma gyara Windows ɗin da ta daina samun faci. Cire Java daga Windows 7 rage ƙofofi ne a gidan da katangarsa ta riga ta tsage, kuma an san abin da ƙadangare ke yi da tsagaggen bango. Mafita ta gaskiya ga irin wannan kwamfutar ita ce a ɗora mata tsarin da ake tallafa wa, ko da kuwa ɗaya daga cikin nau'o'in Linux marasa nauyi ne, waɗanda kyauta suke kuma suna ɗaukar sabuwar Firefox. Masu waya, waɗanda su ne mafi rinjaye, ba su da matsalar tsohon fulogin, amma suna da 'yar uwarta: izinin sanarwa da suka bai wa shafukan da ba su sani ba, da manhajojin da aka turo musu ta WhatsApp ko Xender suka saka daga wajen shagon Google.

Nauyi mafi girma yana kan waɗanda kwamfutarsu ta jama'a ce. Mai shagon da ɗalibai ɗari ke cike fom a wurinsa yana riƙe da sunaye da lambobin NIN da hotuna da bayanan katin banki na mutanen da ba su da ta cewa a kan yadda ya saita na'urarsa, kuma tun da aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a Yunin 2023, kula da irin waɗannan bayanai ya zama wajibi a doka ga masu sarrafa su. Haka ofisoshi da makarantun da ke ba da kwangilar gina shafi: ya kamata sharaɗin farko ya zama cewa shafin zai yi aiki a sabuwar burauza ba tare da an saka wa kowa komai ba, domin duk hukumar da ta tilasta wa jama'a tsohon fulogin ta tilasta musu buɗe ƙofa ne a gidajensu saboda ta huta da gyaran nata. Mai shagon da na ambata a farko ya bar ni na duba jerin manhajojinsa a ranar. Mun tarar da Java zubi uku a jere, da Flash, da ƙari guda shida a Chrome waɗanda ya ce bai san wanda ya saka su ba. Ya tsaya a kaina har muka cire su, sannan ya buɗe shafin da ya fi samun kuɗi da shi ya gwada, ya ga ya buɗe kamar kullum, ya kira ɗalibar da ke jira a benci ta zauna.